Littafin Awon da Ruwa Ya Ci

Ƙauran Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗiyata Ma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Shinkafi lafiya, kin tarar da Gwaggonki Hassi da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare min ke a hanya da masauki, Ya sa ki shiga garin da ƙafar dama, amin.

Na sa takardar a aljihun keken ɗinkinki, tare da almakashi da tef ɗin awo, don na san nan za ki fara buɗewa. Kin san halina. Idan na zaunar da ke da niyyar doguwar magana, ba na kai rabi sai in tashi in ce zan duba tukunya. Shi ya sa na rubuta. Babu labarin gida a ciki, don duk kin baro shi da idonki. Kurakuraina nake so in ba ki, ki tafi da su, don kada ki sake sayensu da tsada kamar yadda na saya.

Tun da za ki buɗe naki wurin ɗinki a zauren Gwaggonki, na bar miki matan da nake yi wa aiki a Shinkafi da Galadi. Kin san yadda muke yi da su. Sau ɗaya nake auna mace, ranar da ta shigo Ƙaura suna ko biki ko asibiti. Daga nan sai dai ta ƙunshe atamfarta ta ba ɗan kabu-kabu ya kawo a babur, ni kuma in buɗe littafi in ɗinka in mayar. Idan ta yi jiki ko ta rame, sai ta aiko a ce min a ƙara yatsa biyu a ƙugu, ko a rage ɗaya a hannu. Tun da hanyoyinmu suka zama abin tsoro, wata sai ta shekara uku ba ta taka Ƙaura ba. To, ki gane cewa awon nan da ke rubuce shi ne yake hana mace hawa hanya. Keke idan ya lalace akwai mai gyara a kasuwa. Awon matar da ke Galadi kuwa, idan ya ɓata, sai ita da kanta ta zo. Na yi shekaru ina ɗinki kafin in fahimci wannan.

Kuskurena na farko, ban rubuta sunaye ba. Kin san sunan kakarki ta wajen uba ba ya fita daga bakina, haka ma sunan yayarki ta fari. Ga shi kuwa rabin matan ƙasar nan waɗannan sunaye biyu gare su. Sai hannuna ma ya ɗauki kunyar bakina. Abin da nake yi, in yanki ɗan ƙyalle daga atamfar farko da mace ta kawo min, in maƙala shi da fil a saman shafinta, sannan in rubuta kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu da tsawo a ƙasa. Da na ga ƙyallen na san mai shi. Wannan mai ganye shuɗi matar liman ce ta Zurmi, wancan mai ɗigo-ɗigo ungozomar Galadi ce. Babanki ya sha yi min tsiya, yana cewa littafina ya fi kama da igiyar shanya. Wata rana ya tambaye ni wa zai iya karanta shi idan na kwanta zazzaɓi. Na ce masa ai ba zan kwanta ba. Ya yi dariya ya ɗauki hularsa ya tafi makaranta.

Ke kada ki yi haka. Kunya abu ne mai kyau, amma takarda ba surukarki ba ce. Ki rubuta sunan mace cikakke, da garinta, da gidan da take, da lambar wayar da za a same ta, da watan da kika auna ta. Ki maƙala ƙyallen ma idan kina so, yana taimakon ido. Ki dai rubuta yadda wani zai karanta ya gane ko ba kya nan.

Kuskure na biyu shi ne ya fi yi min ciwo. Littafi ɗaya tak gare ni, kuma saboda ina ji da shi sai na ajiye shi inda nake ajiye abin da na fi so, wato cikin adakar katakon da na zo da ita gidan aure, a ƙarƙashin gado. Ɓarawo nake tsoro. Ban taɓa tunanin ruwa ba.

Kina shekara goma sha ɗaya a lokacin, kuna makaranta ranar. Tsakiyar damina ce, gulbi ya riga ya cika. Bayan Azahar aka kece da ruwa, aka ƙi tsayawa. Ina zaune a kan keke sai na ga rariyar da ruwan tsakar gida yake fita ta cikinta ta koma tana shigo da shi. Kafin in gama mamaki ya kai idon sawu, kafin in kwashe tabarmi ya kai gwiwa. Na cire kan keke na ɗora a kaina na kai gidan Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, don nata ɗakin yana kan tudu. Na dawo na kwashe atamfofin mutane, sawu uku. Na ɗauki tukwane. Har agwagin da ba abin da ruwa zai yi musu sai da na kora. Ina tsaye a ƙofar Sista ina haki, ina jin daɗin na tsirar da komai, sai katangar ɗakinmu ta baya ta zauna. Sai a lokacin na tuna da adaka.

Washegari Babanki ya tono ta daga cikin laka. Littafin ya kumbura ya zama curi ɗaya. Tawada ta narke, rinin ƙyallayen nan ya zuba a kan juna, ja ya shiga shuɗi, shuɗi ya shiga ɗorawa. Na shanya shi kwana uku, ina ɓanɓarar shafi da bakin allura. Shafi tara na samu da ake iya karanta lambobinsu, kuma a cikin taran nan, biyar ban san na su wa ne ba, don ƙyallensu ya canza kama. Da na rubuta sunaye, da ko waɗannan sun tsira. Aikin shekara goma sha huɗu ke nan.

Abin da na koya, ranar da ruwa ko wuta ko iska ta zo, hannu abin da ido ya gani yake ɗauka, mai nauyi da mai tsada. Ba wanda yake tuna takarda. Don haka kada ki bar tsiran awon mutane ya dogara da tunaninki na wannan rana. Ki shirya masa tun rana tana fari.

Na uku kuwa, har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni. A cikin kayan da na tsirar akwai atamfa turmi shida na gidan Hajiya Kulu ta Birnin Tsaba. Jikokinta za su yi walimar saukar Alƙur'ani, ita da 'ya'yanta da surukanta suka yi anko. Mako uku ya rage. Maimakon in aika a gaya mata abin da ya faru, sai na ji kunya. Na ce a raina, matan da na shekara ina yi wa ɗinki, ai idona ya san jikinsu. Na rufe ido na kintata, na yanka, na ɗinka, na ba Malam Idi, dattijon da ke kai mana kaya a babur.

Bayan kwana biyu sai ga Malam Idi da ƙunshin nan a bayansa. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi yara da ɓarnar ruwa, sannan ya kwance ƙunshin ya ɗaga riga ɗaya sama da hannu biyu.

“Tela, an ce in tambaye ki. Wagga ta mutum ce, ko ta buhun gero?”

Ya ɗaga wata ya ce ita kuma wannan hannunta ya ƙi wuce gwiwar hannu, sai da mata biyu suka taru suka cire wa mai ita. Yana faɗa yana dariya. Ni kuwa ban iya ko murmushi ba, don ya ƙara da cewa Hajiya ta ce gobe za ta zo da kanta a sake auna ta, kuma za ta auno sauran da igiya ta kawo min.

Ma'u, kin san hanyar Zurmi. A makon nan ma an tare mutane a kanta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta hau babur ta bi ta nan saboda ni. Na roƙi Malam Idi ya hana ta, ya ce in na taɓa ganin wanda ya hana Hajiya Kulu abin da ta yi niyya, in nuna masa shi ya gaishe shi. Na kira lambar gidansu, babu sabis. Tun da safe na kafa kujera a zaure ina kallon hanya, ko karyawa ban yi ba. Duk babur ɗin da ya wuce sai in miƙe in leƙa. Sai wajen La'asar suka iso. Ta sauko da ƙyar, ta zauna, ta sha ruwa kofi biyu, sannan na gaya mata gaskiya kaina a ƙasa.

Ta ajiye kofin. Sannan ta ce, “Ɗiyar nan, mi ya hana ki faɗa mani? Ai da tsofaffin rigunanmu mun aiko miki, ki auna a jikinsu. Na hawo babur tun daga Birnin Tsaba ina salati, ashe kunyarki ce na zo dubawa.”

Ba ta yi min faɗa fiye da haka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta kwana wajenmu, ta koma lafiya, alhamdu lillahi. Dabarar nan tata ita ta tashe ni. Na aika gari gari kowace mace ta aiko da tsohuwar rigar da ta fi zama mata daidai, na auna na mayar. Wata bakwai na yi kafin sabon littafi ya cika. Wasu matan ba su aiko ba, sun koma wajen wani telan, kuma ban ga laifinsu ba. Idan wani abu ya ɓata a hannunki, ki faɗa a ranar. Sau da yawa mai kayan ta fi ki sanin mafita.

Bayan wannan na sayi waya mai ɗaukar hoto. Na bi sabon littafi shafi shafi na ɗauka, wannan karon da sunaye, na ji kamar na gama da ruwa har abada. Ranar da Sista Rifkatu ta kawo ɗinkin ankon zumuntar matan cocinsu, na nuna mata ina alfahari. Ta duba hotunan ta yaba, sannan ta tambaya:

“Maman Ma'u, ina wayar take kwana?”

“A aljihun keke.”

“Littafin fa?”

“Shi ma nan.”

“To, ke da ruwa kun yi alkawari ne zai ɗauki ɗaya ya bar miki ɗaya?”

Kuskure na huɗu ke nan, abu biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, ina ƙirga su biyu. Ita ce ta yi min bayanin ma'ajiyar intanet, wadda masu boko suke kira gajimare. Ta ce ba a sama take ba, manyan na'urori ne a garuruwa masu nisa, kuma abin da ka ajiye ba a wuri ɗaya suke riƙe shi ba. Ruwan da ya ci Ƙaura ba zai ci can a rana ɗaya ba. Idan wayarka ta mutu, ka ɗauki wata, ka sa imel ɗinka da lambar sirrinka, kayanka su dawo.

Ban yarda nan take ba. Awon jikin matan aure ne fa, ƙirji da ƙugu, abin da ko mazajensu ba su san lambarsa ba. Na ce ba zan kai sirrin mutane inda ban san mai gadin wurin ba. Sista ba ta yi gardama ba, ta ce tsoron nan nawa yana da kyau, in riƙe shi, shi zai sa in kula da mabuɗin. Na kai maganar gaban Babanki, ina zaton zai goyi bayana. Sai ya ce amana ba ɓoyewa kaɗai ba ce, idan abu ya salwanta a hannuna saboda sakaci, nan ma ban riƙe ta ba. Ya tambaye ni ko na manta ranar da na wuni a zaure ina jiran Hajiya Kulu. Ban manta ba. Muka tsaya a kan cewa shafin littafi kawai zan riƙa ɗauka, ba zan taɓa ɗaukar hoton mace in ajiye ba. Har yau a kan haka nake, kuma ina so ke ma ki tsaya a kai.

Da muka zo yi sai wani sakacin nawa ya fito. Ashe mai shagon da na sayi wayar shi ya buɗe min imel, shi ya zaɓi lambar sirri, ni ko tambaya ban yi ba. Sista ta ce na gina ɗaki na bar mabuɗi wajen magini. Muka buɗe sabo, na zaɓi lambar da kaina. Ke ma ki zaɓi taki da kanki. Kada ki sa lambar wayarki ko shekarar haihuwarki. Duk wanda ya kira ki ya ce ki karanto masa lambobin da aka turo miki ta saƙo, ko ya ce daga ofishin wa yake, ki kashe wayarki.

Akwai kuma lokacin da na ɗauka hotunan da kansu suke hawa, ashe data ta ƙare, wata biyu ba abin da ya tafi. Sista ce ta gano. Daga nan na mai da shi aikin Juma'a. Bayan na share wurin ɗinki na zuba wa keke mai, sai in ɗauki hoton duk shafin da na rubuta ko na gyara a makon, in kunna data, in zauna har in ga sun hau. Wani lokaci kuma in ari wayar Babanki in shiga ta can, don in tabbata da idona suna nan. Idan sabis ya ɗauke, kin san yakan yi kwanaki, ranar da ya dawo aikin farko ke nan. Saboda wannan ɗaukewar ne ma ban yar da littafin takarda ba. Ki riƙe naki, ki sa shi a leda, cikin robar fenti mai murfi, ki rataye ta sama.

Sauran labarin kin san shi, don kina nan. Shekara uku bayan ambaliyar, farkon damina, iskar nan ta rana tsaka ta yaye kwanon ɗakin ɗinki ta jefa shi bayan gida, ruwa ya zuba kai tsaye a kan keke. Lokacin ban fara dabarar roba ba. Littafi ya jiƙe, waya ta sha ruwa ba ta sake kunnuwa ba. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya faru da na shiga ɗakin Sista da yamma na ari wayarta. Sau biyu ina kuskuren lambar sirri. A na uku sai ga shafukan nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a wayarta, da sunaye, da ƙyallaye da launinsu garau. Ga Hajiya Kulu, ga matar liman, ga ungozomar Galadi. Mako biyu na ƙarshe ne kawai babu, don na yi ganda Juma'a biyu, kuma duk matan cikin gari ne, da ƙafa na je na sake auna su. Sista ta ce tun da muke ba ta taɓa ganin mutumin da iska ta cire wa rufi yana dariya ba. Sallah ta zo, kowa ta sa rigarta daidai jikinta. Ba tsohuwar da ta hau babur.

Ba na baƙin ciki da abin da ya wuce, Allah Ya mayar min da fiye da abin da na rasa. Abu ɗaya ne dai bai dawo ba. A bayan tsohon littafin akwai shafinki. Tun rigar sunanki nake rubuta awonki, kowace Sallah layi ɗaya, ina kallon yadda lambobin suke girma. Wannan ba wanda zan aika wa ya kawo tsohuwar riga, duk an ba ƙanne sun cinye. Daga shekara goma sha ɗaya zuwa yau kuwa kina nan, ba layin da ya ɓata. Doguwar rigar da za ki gani a saman akwatinki, kin lura ban auna ki ba. Daga ma'ajiyar na ɗauko awonki. Ki sa ta ki gani.

A cikin ambulan ɗin nan akwai wata 'yar takarda a naɗe. Imel ɗina ne da lambar sirrina. Awon matan Shinkafi da Galadi na ware miki su wuri guda, ki kwafe su zuwa naki. Sannan ki ɓoye takardar inda ke kaɗai kika sani, sama, ba ƙarƙashin gado ba. Idan kin buɗe taki ma'ajiyar, ki rubuto lambarki ki liƙe ki aiko min ta hannun Gwaggonki, ba zan buɗe ba sai kin ce. Ni na fara manta abubuwa, Ma'u. Idan ruwa ya sake zuwa Ƙaura, ke zan kira.

Ki yi wa Gwaggonki biyayya, ki riƙe sallarki, ki yi haƙuri da masu kawo ɗinki ranar jajibiri. Ran Juma'a, idan kin ga hotunanki sun hau, ki kira ni in ji muryarki, ki gaya min ko rigar ta yi.

Babanki yana gaishe ki yana sa miki albarka. Sista Rifkatu ta ce kada ki yi ganda irin ta uwarki. Allah Ya tsare ki daga ruwa da wuta da iska da sharrin hanya, Ya sa albarka a hannunki, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Inna.